Shawara ga Alaramman da Turanci Ya Gagara Har Sau Uku

Wasiƙar wannan makon daga cikin birnin Zariya ta fito, ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 41, ina sayar da shadda da huluna a kasuwar Sabon Gari. Na haddace Alƙur'ani tun ina saurayi, ina karanta ajami, na kuma koya wa kaina karanta Hausar boko, amma ban taɓa zama a aji ba. Sau uku ina ɗaura niyyar koyon Turanci ina warwarewa. Da farko na sayi ƙamus na fara haddace shi, ban gama harafin farko ba na ajiye. Na biyu na shiga wata makarantar yamma, muka yi wata biyu malamin yana cika allo da ma'anar suna da aikatau cikin Turancin da ba ma ji. Na uku na koma sauraron labarai a rediyo, ban tsinci komai ba. Kwanan baya aka kwantar da mai ɗakina a asibiti, aka miƙo mini fom, sai da na roƙi wani yaro sa'an ɗana ya cike mini, yana tambayata da ƙarfi mutane suna kallo. Ga 'yata 'yar aji 3 tana kawo aikin gida, sai dai in ce ta kai wa maƙwabta. Shin mai shekaruna zai iya? Mene ne iyakar abin da zan sani a ce na kama hanya? Kuma wata nawa zan yi?"

Wa alaikumus salam, Alaramma. Allah ya ba mai ɗakinka lafiya mai ɗorewa, ya raya mana yaran. Tambayarka uku ce, amma ta tsakiyar zan fara ɗauka, domin a ganina rashin sanin amsarta ne ya kayar da kai duk sau ukun nan.

Duk ranar da ka ɗaura niyya, Turancin da kake hangowa shi ne na malaman jami'a da suke sauka a rumfarka daga Samaru da Kongo, kuma da zarar ka auna tsakaninka da su sai gwiwarka ta yi sanyi. Ka fi ni sanin cewa ranar da aka kawo kolo tsangaya ba a zaunar da shi gefen gwani a ce kafin azumi ake so ya kamo shi. Babbaƙu ake fara rubuta masa, in sun zauna a kai shi farfaru, daga nan ya fara haɗa baƙi, kuma kowane mataki yana da iyakar da malam da almajiri duk suka sani, har yaron da kansa yakan gane ranar da allonsa ya isa wanki. Kai kuwa ka shiga Turanci babu wanda ya shata maka iyakar allon farko, saboda haka ko da kana gaba ba ka da abin da za ka gane hakan da shi.

Masana koyar da harsuna sun riga sun shata wannan iyaka. A shekarar 2001 Majalisar Turai (Council of Europe), mai mazauni a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, ta fitar da wani ma'auni na iya harshe wanda makarantu da hukumomin jarrabawa da masu wallafa littattafan koyon Turanci a ƙasashe da dama suke aiki da shi har yau. Ma'aunin ya kasa iya harshe hawa 6, daga A1 na ƙasa, sai A2, da B1, da B2, da C1, har C2 na ƙoli. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne bai damu da yawan ƙa'idojin nahawun da mutum ya haddace ba, abin da yake tambaya shi ne wace buƙata mutum zai iya biya wa kansa da harshen. Hawan A1 shi ne abin da kake nema, kuma kada ka raina shi, domin ƙasar Birtaniya shi take nema, a magana da saurare, daga mutumin da ya nemi bizar zuwa zama da matarsa a karon farko, ko matar da za ta je wurin mijinta.

Bari in sauke maka hawan a rumfarka. Mai A1 zai iya gaisawa ya amsa gaisuwa, ya faɗi sunansa da garinsu da sana'arsa da yawan 'ya'yansa, ya kuma yi wa wani irin waɗannan tambayoyi. Ya san ƙidaya da farashi da ƙarfe nawa, da ranakun mako da watanni, da launuka, da sunayen abubuwan da hannunsa yake taɓawa kullum. Idan ɗalibar jami'a 'yar kudu ta tsaya ta tambayi kuɗin shadda yadi 5, zai gane, ya faɗi farashi, ya rage ko ya ce albarka, ya kuma gaya mata cewa wannan launin ya ƙare sai jibi. Zai iya karanta gajeriyar sanarwa da rasit da saƙon bankin da yake shigowa wayarsa, ya rubuta saƙo mai layi biyu ko uku, sannan ya cike fom mai neman suna da adireshi, wanda shi ne ainihin abin da ya kunyata ka a asibiti, kuma masu ma'aunin sun ambaci cike irin wannan fom ƙarara cikin alamomin hawan farko. Akwai wani sharaɗi da suka gindaya da nake so ka riƙe da kyau, wato duk wannan zai yiwu ne idan abokin maganar ya yi magana sannu a hankali kuma a fili, yana kuma shirye ya maimaita ko ya taimaka. Ke nan cewa "maimaita mini" yana cikin hawan, har ma ina ganin ita ce jimlar da ya kamata ka fara koya.

Labaran rediyo da jarida da muhawara duk suna can sama, shi ya sa yunƙurinka na uku bai haifar da komai ba. Haka nan takardar yarda da tiyata, ko ta rancen banki, ko ta cinikin fili, mai A1 ba zai fahimce su ba, kuma ko bayan ka kai hawan kada ka sa hannu a irinsu sai wanda ka amince da shi ya fassara maka layi-layi. Neman tafinta a irin wannan wuri haƙƙinka ne, manyan 'yan boko ma lauya suke ɗauka ya karanta musu.

Game da lokaci, sashen jarrabawar Turanci na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya ƙiyasta cewa ana kai wa A1 da kimanin awa 90 zuwa 100 na karatu a gaban malami, A2 kuwa awa 180 zuwa 200 idan aka haɗa tun daga farko. Idan kana ba abin rabin awa kowace rana, awa 100 kwana 200 ke nan, wato wata bakwai ba kaɗan. Tun da kai yawancin karatun kai kaɗai za ka yi shi, ga kasuwa ga iyali, ka sa wa ranka wata shida zuwa shekara guda, kuma ka sani rabin awa kullum ta fi awa huɗu a haɗe ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Wannan ba sai na yi wa mahaddaci dogon bayani a kansa ba.

Ƙamus kuwa ka mayar da shi kan kanta, a riƙa ɗauko shi in buƙata ta taso kamar yadda ake ɗauko tsinken awo. Kalmomin da suke cikinsa an jera su ne bisa haruffa don sauƙin nema, babu ruwan jerin da wadda ake yawan amfani da ita, shi ya sa ka ɓata makonni kana haddace kalmomin da Baturen Ingila ma sai ya shekara bai furta ba. Hawan farko kalmomi ɗaruruwa yake bukata, ba su kai dubu ba. Tun a 1930 wani masani ɗan Ingila mai suna Ogden ya tsara wani sauƙaƙƙen Turanci mai kalma 850 kacal, kuma masu ƙidayar kalmomi sun gano cewa kalmomi 100 da aka fi maimaitawa su ne kusan rabin duk wani rubutun Turanci na yau da kullum. Kalma 5 a rana, cikin kwana 180, ta zama 900.

Ban da haka ma, ba da hannu biyu za ka shiga ba, domin Hausar da kake yi cike take da Turancin da ya sa babbar riga. Mota da direba da fasinja da tikiti da birki da taya, tebur da bokiti da kofi da tawul, tela da kafinta da makanike, banki da ofis da lamba da layi da minti, har asibiti da likita, duk daga Turanci muka aro su. Aikinka a kansu shi ne ka tuɓe musu rigar ka ji yadda masu su suke faɗinsu. Za ka lura mu ne muke cusa wasali a tsakanin baƙaƙe, domin harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "screw" ya zama sukuru. Da ka gane wannan ɗabi'a ta bakinka, ɗaruruwan kalmomi za su buɗe maka a banza.

A kan furuci zan ɗan daɗe, domin a nan ne Bahaushe ya fi shan dariya, kuma a nan ne kai ka fi sauran mutane jari ba ka sani ba. A Hausa "p" da "f" sauti ɗaya ne, yadda mutum ya ga dama ya furta ma'ana ba ta sauyawa, amma a Turanci "pull" ja ne, "full" kuwa cikakke, "copy" kwafi ne, "coffee" kuwa gahawa. Ka tuna mafitar harafin fa a tajwidi, wato cikin leɓen ƙasa da kan haƙoran gaba na sama. Wannan ita ce "f" ta Turanci babu ragi babu ƙari, idan kuma ka ƙara mata murya ta zama "v". Ita "p" haɗe leɓɓa ake yi kamar za a ce ba, a sake su da hucin iska ba tare da murya ba, kuma idan ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka za ka ga ta motsa in ka yi daidai. Haka sautukan nan biyu da ake rubutawa da "th", waɗanda suke sa mutanenmu cewa "zis" da "sank yu", su ne harafin nan mai ɗigo uku na farkon "summa" da zalun na cikin "allazi", yadda masu tajwidi suke fitar da su da kan harshe a gefen haƙoran sama. Wanda ya yi shekaru yana gyara mafitar haruffa bai kamata waɗannan su gagare shi ba. Bambancin "live" da "leave" kuwa, ko "full" da "fool", ka kusance shi ta hanyar gajeren wasali da dogo, irin wanda yake tsakanin dafa abinci da dafa kafaɗa.

Duk da haka ba na so ka ɓata watanni kana neman bakin Bature, domin Turancin Najeriya za ka yi da 'yan Najeriya, kuma muddin ana gane ka buƙata ta biya. Wuri guda ne ba na yarda a yi sassauci, shi ne ƙidaya, saboda a nan kuɗi yake zubewa. "Thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty", har zuwa "nineteen" da "ninety", kunnen sabon koyo ɗaya yake jin su. Na goma sha ana jan ƙarshensu a rufe da "n", na gomiya kuwa a farko ake danna murya a datse ƙarshen. Tsakanin naira 15,000 da naira 50,000 akwai jarin wani, don haka ka saba da tambayar "one five or five zero?", ko ka danna lambar a waya ka nuna, 'yan kasuwar da suka ƙware ma haka suke yi.

Rubutun Turanci shi ne tarkon da yake jiran duk wanda ya fara da Hausar boko. Mu yadda aka rubuta haka ake karantawa, su kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, don haka harafi guda yakan yi aiki uku, wani kuma a rubuta shi ba a furta shi, kamar "k" a farkon "knife" da "know". Harafin "c" da kake karantawa a ciniki da cokali, a wurinsu wani lokaci "k" ne wani lokaci "s". Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinka, tun da ka san haruffan da suke tabbata a rubutun Mus'hafi amma ba a karanta su, kuma ba daga takarda ka san su ba, daga bakin malam ka ɗauka. Ka riƙe wannan ƙa'ida a Turanci, kada idonka ya riga kunnenka ganin kalma.

Yanzu ga yadda nake so rabin awar nan ta kasance, ko bayan tilawar Asuba ko lokacin da kasuwa take lafawa tsakanin Azahar da La'asar. Jimla za ka ɗauka, domin kalma ita kaɗai kamar zare ce da ba a saƙa ba. Ka saurare ta sau goma, ka biya ta da ƙarfi har ta zauna, ka rubuta ta a littafi, sannan ka riƙa zare kalma guda kana sa wata. Idan jimlar yau ita ce "How many yards do you want?", sai ka cire yadi ka sa huluna, ka cire huluna ka sa launuka, kuma kafin ka rufe rumfa ka tabbata ka jefa wa wani mai saye ita. Gobe kafin sabon darasi ka yi tishin na jiya, bayan kwana uku ka sake, bayan mako ka sake, bayan wata ka sake. Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna tun a 1885 cewa mafi yawan mantuwa a awannin farko da ranar farko take aukuwa, kuma maimaitawa a rarrabe ita take tsayar da ita. Malaman tsangaya ba su jira shi ba, amma babu laifi ka san cewa hanyar da ka taso a kai ita masana suka dawo suna yabo.

Sai dai akwai inda hadda take juyowa ta zama cikas, kuma ina zaton shi ne ciwonka na ɓoye. An tarbiyyantar da kai a kan karatun da ba a sauya masa ko wasali guda, inda kuskure a bainar jama'a abin kunya ne ga gardi, balle alaramma, don haka bakinka ya saba da yin shiru har sai ya tabbata. Wannan ladabi ne da ya dace da Littafin Allah, amma idan ka shigo da shi Turanci ba za ka taɓa buɗe baki ba. Turanci harshen ciniki ne da fom da sallamar baƙo, babu alhaki a kan wanda ya karya shi, kuma ba a taɓa yin wanda ya iya harshe ba tare da ya karya shi sau dubbai ba. Ka tuna Hausar maƙwabtanka Ibo da Yarabawa na Sabon Gari, yadda suke mayar da mace namiji su mayar da namiji mace, amma cinikinsu bai tsaya ba, kai ma ba ka taɓa ƙin sayar musu don sun ce "ya zo" a wurin "ta zo" ba.

Nahawun da hawan farko yake bukata bai taka kara ya karya ba, kuma Hausa ta share maka rabin hanya. Tsarin jimla iri ɗaya ne, mai aiki a gaba, aiki a tsakiya, wanda aka yi wa a ƙarshe, kamar "yaro ya sayi hula". Siffa tana zuwa kafin suna kamar yadda muke cewa farar hula. "He" da "she" su ne shi da ita, abin da yake wahalar da masu harsunan da ba su rarrabe jinsi, kai kuwa da shi aka haife ka. Kai da ke da ku duk "you" ne, girmamawa kuma da "please" da "sir" ake nuna ta. Abin da zai zama maka sabo shi ne "it", domin su mota da hula da riga ba maza ba ne ba mata ba a wurinsu, sai kuma yadda suke nuna lokaci. Mu ɗan ƙaramin abin da yake gaban aikatau muke sauyawa, mu ce na saya, ina saye, zan saya, su kuwa aikatau ɗin kansa yake rikiɗa, "buy" ya koma "bought", "sell" ya koma "sold", "go" ya koma "went". Guda talatin daga irin waɗannan sun ishe ka a yanzu, kuma ga mahaddaci aikin mako biyu ne. Ka kuma yi hattara da kalmominmu masu faɗin ciki irin su ji da sha da ci, domin jin magana da jin yunwa da jin wari da jin Turanci kowanne da kalmarsa a wurinsu, magani ma "take" ake cewa ba a shan sa.

Malamin makarantar yamman nan da ya cika muku allo da ma'anar suna da aikatau, nahawu ya fara koya wa wanda bai iya Fatiha ba, kuma ba laifinka ba ne da ka gudu. Idan za ka sake shiga aji, ka nemi izinin zama sau ɗaya kafin ka biya kuɗi, ka lura da wanda ya fi yawan magana. Idan ɗalibai ne suke ta tambayar juna bibbiyu, malam yana zagayawa yana gyara, yana kuma yin bayani da Hausa in abu ya cije, ka zauna. Idan muryar malam kaɗai kake ji, ka riƙe kuɗinka. Abin da ma ya fi aji amfani a wurinka shi ne abokin musaya, kuma Zariya ba ta rasa su, ga ɗaliban jami'a da na kwalejoji, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga kudu duk shekara suna fama da Hausar cefane. Ka samu guda mai natsuwa ku yi yarjejeniya, minti 15 ka koya masa Hausa, minti 15 ya yi maka Turanci. A haka kai ma malami ne, ba mai roƙo ba, kuma na san wannan zai fi kwanta maka a rai.

Wayarka ta isa ta zama bakin malam. Hukumar British Council tana da darussan saurare da karatu kyauta a intanet waɗanda aka jera bisa hawa-hawan nan, ka sa wani ya buɗe maka na A1 kaɗai ya sauke maka su. Manhajar fassara ta Google tana da Hausa tun 2013, tana kuma furta kalmar Turanci idan ka danna alamar lasifika, amma ka yi amfani da ita don jin furuci da neman kalma guda, domin a doguwar jimla takan yi kwaɓa. Turancin Buroka da kake ji a kasuwa kuwa harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, zai saba maka da kalmomi da yawa, zai kuma cire maka tsoro, sai dai ka ware masa aljihunsa daban, domin "wetin" da "I dey come" ba sa shiga fom kuma ba za su taimaki aikin gidan 'yarka ba.

Saura tambayarka ta farko. Yaro ya fi babba kama lafazi, wannan gaskiya ne, amma a watannin farko babba ya fi yaro saurin tara kalmomi da gane ƙa'ida, domin ya san abin da yake nema kuma ya san yadda ake karatu. A garin nan naka aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a shekarun 1950 daga nan ake buga littattafan Yaƙi da Jahilci da magidanta masu furfura suka zauna a zauruka suna koyon a da ba da su, har ya zama kowa ya san cewa gemu ba ya hana ilimi. Dutsen da waɗancan dattawa suka hau, wato haruffan boko, kai ka riga ka haye shi kai kaɗai babu malami. Game da 'yarka kuwa, maimakon ka tura ta maƙwabta, ka ce ta zauna ta karanta maka littafinta na Turanci da ƙarfi kowane dare, kana bin layin da yatsa. Ita za ta ɗauka kana duba karatunta ne, kuma lalle dubawar kake yi, amma littafin aji 3 daidai da hawanka yake, har da hotuna. In ta gyara maka wata kalma ka karɓa ka sa mata albarka, in kuma kana shakkar furucinta ka tambayi waya.

Cikin makon nan ka nemi fom wanda ba a cike ba, ko na buɗe asusun banki ko na shiga makaranta, ka yi masa kwafi goma. Kalmominsa ba su fi ashirin ba, kuma su ne dai suke yawo daga wannan ofis zuwa wancan. "Surname" sunan mahaifi ne ko na dangi, ka rubuta shi daidai da yadda yake a katinka na ɗan ƙasa, harafi da harafi, kada ya bambanta daga takarda zuwa takarda. "Date of birth" ranar haihuwa ce, a fara da rana, sai wata, sai shekara. "Occupation" sana'a ce, "marital status" ko da aure ko babu, "signature" sa hannu, "block letters" kuma manyan haruffa ake nufi. "Next of kin" shi ne makusancin da za a nema idan wani abu ya taso, ba rabon gado ake yi a wurin ba, don haka ka sa wanda wayarsa take shiga. Ka cike kwafi ɗaya kowace Juma'a, na farko kana kallon wanda aka cike maka, daga na huɗu kuma ka kife shi. Idan wata shida ya cika ina jiran wasiƙarka, layi uku na farko da Turanci, sauran da Hausa.